A Gyara, Kada A Jefar

A 1976 kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da motarsa ta wasa mai rimot ta farko, samfurin Porsche 934. Har yau akwai masu neman irinta, su sauya mata batir da tayoyi, ta sake gudu. Mu kuwa a Zaitawa, da hannunmu muka ƙera motar kara da ta langa-langa muna yara. Yanzu sai mu sayo wa 'ya'yanmu ta roba. Waya ɗaya ta tsinke, a jefa ta bola. Wannan almubazzaranci ne, kuma yana kashe basira. Muna kira ga iyaye: a zaunar da yaro, a kwance motar, a gyara tare. Mai gyara ta wasa yau, shi zai gyara ta gaske gobe.