Gadar Kawo Ta Tona Asiri

Haba daraktocinmu! Za a rubuta "Shekara Ashirin Da Suka Wuce" ɓaro-ɓaro a fuskar talabijin, sai ga jarumi ya sharo mota a kan sabuwar gadar Kawo, wadda Buhari ya buɗe a 2022. Wa za a yi wa wayo? Duk ɗan Kaduna ya san tsohuwar.

Nan take 'yan kallo a Unguwar Kanawa za su kwashe da dariya, alhali wurin kuka ne, don mahaifiyarsa yake gaggawar kaiwa asibiti. Ita ma hajiyar, wai rai a hannun Allah, amma jambaki da gashin ido na kanti suna nan daram. Shin mai kula da ci gaban shiri barci yake yi ne?