Shinkafar da ke jiran farashi, ƙwaro na cin ta a sito

Tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a shekarar 2024, farashin shinkafa ya yi ƙasa. ’Yan kasuwar da suka saya da tsada, har da na Sabon Tasha a Kaduna, sai suka jibge buhuna a sito suna jiran kasuwa ta farfaɗo. Wanda ya ci ribar wannan jira shi ne ƙwaro.

Macen ƙwaron tana huda ƙwayar shinkafa, ta saka ƙwai, ta toshe ramin. Tsutsar na ci daga ciki, cikin kamar wata guda ta fito ƙwaro, musamman in akwai zafi da laimar damina. Kafin mai kaya ya ga gari a gindin buhu, ɓarna ta yi nisa.

Abin tsoron shi ne maganin da wasu ke nema. Yayyafa Sniper a kan abinci ganganci ne: sinadarin da ke cikinsa ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015, kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni a 2019. Ma’aikacin da ke auna mudu biyu a ƙarshen wata ba ya da hanyar ganewa.

Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwaron ta hanyar hana shi iska, muddin shinkafar ta bushe sarai. Ya fi buhun gama-gari tsada, shi ya sa ya kamata ƙungiyar ’yan kasuwa ta saye shi a sari ta raba wa mambobinta.