Sakkwato Zuwa Maiduguri: Tafiyar Sa'a Biyu Da Ke Cinye Yini Guda

Tsakanin Sakkwato da Maiduguri, idan aka miƙe ta sararin sama, tazarar ba ta wuce kimanin kilomita 870 ba. Babban jirgi zai yi wannan tafiya cikin sa'a ɗaya da rabi, mai farfela kuwa cikin sa'a biyu. Amma ɗan kasuwar da ya bar Sakkwato da safe, galibi sai ya gangara Abuja, kilomita kusan 490, ya zauna zaman jira, sa'an nan ya kama wani jirgin ya yi kilomita kimanin 710. Jimla kilomita 1,200 ke nan, da tikiti biyu. In kuwa jirgin farko ya makara, sai ya ƙara da kuɗin masauki.

Hanyar mota ba ta zama mafita ba. Ta haura kilomita 1,000, ta ratsa Zamfara, ta kuma bi tsakanin Damaturu da Maiduguri, wuraren da matsalar tsaro ta sa matafiya ba su son dare ya riske su.

Abin da ya kamata masu kamfanonin jirage su duba shi ne taswira. Kano tana zaune kusan daidai kan layin da ya haɗa biranen biyu: kimanin kilomita 370 daga Sakkwato, kimanin 500 zuwa Maiduguri. Jirgin da ya ya da zango a Kano bai ƙara komai a kan tazarar ba, sai mintunan sauke fasinja da ɗaukar wasu. Ga shi kuma Kano ce kasuwar da fatun Sakkwato da busasshen kifin Baga ke haɗuwa, saboda haka ba a rasa fasinjan da zai cike gurbin wanda ya sauka. Hanyar ma ba sabuwa ba ce, domin jiragen sojan saman Ingila da suka taso daga Masar a shekarar 1925 ta Maiduguri suka biyo kafin su sauka Kano.

Hujjar da ake bayarwa ita ce ƙarancin fasinja, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Jirgi samfurin Boeing 737 mai kujeru fiye da 120 ba zai cika a wannan hanya ba, man da zai sha kuwa ba ya raguwa don kujeru sun tafi babu kowa. Sai dai wannan matsalar girman jirgi ce. Samfurin ATR 42 kujerunsa ba su wuce 50 ba, shan mansa kaɗan ne, kuma don irin waɗannan gajerun zangunan aka ƙera shi.

Tun da Nigeria Airways ya daina aiki a shekarar 2003, 'yan kasuwa ne ke zaɓen hanyoyin da jiragensu za su bi, kuma ba a ganin laifin wanda ya bi riba. A ganinmu, gwamnatocin jihohin Sakkwato da Kano da Borno, tare da ƙungiyoyin 'yan kasuwarsu, su ne ya dace su haɗa kai su lamunce wa wani kamfani adadin kujeru a kowane mako na tsawon shekara guda, da sharaɗin a tsayar da ranaku da lokutan tashi, kada a riƙa canza su.