A Hana Tsohuwar Taya Lodin Fasinja

Makon nan maganar taya za mu yi. Mun san a cikinmu akwai direbobi da masu motocin haya da masu sayar da taya, sai a yi haƙuri da mu.

Ranar 6 ga Maris 2016 tayar motar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ta fashe a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya rasu shi da matarsa da ɗansa. Ba a yi wata biyu ba, likitoci shida daga jihar Ekiti da direbansu suka rasu a wannan hanya za su taro Sakkwato, nan ma fashewar taya. Waɗannan manya ne, shi ya sa aka ji. Sharon da Hummer da ke kifewa da talakawa kuwa, sai dai a ce taya ta yi bindiga, a yi salati, a ce kwana ya ƙare.

Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. Robar tana bushewa ta tsattsage, wayar ciki ta fara rabuwa da ita, alhali daga waje zanenta raɗau. Sai a haɗa mata zafin kwalta na bazara da lodin da ya wuce ƙima da gudu. Kuma shekarunta ba ɓoye suke ba. A gefenta akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an ƙera ta a mako na 23 na 2016. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana cewa shekara huɗu ne wa'adin taya. A Ingila, tun 2021 doka ta hana sa tayar da ta wuce shekara goma a gaban bas da babbar mota.

To wadda suka cire can ita muke saye nan da sunan Beljiyam. Wata ma don ƙanƙara aka yi ta. A cusa uku ko huɗu cikin juna don kwantena ta ɗauki da yawa, bakinta ya lalace tun a teku. Wadda ta suɗe a sake tsaga mata zane da wuƙa, a goge ta da baƙi, ta fito kamar amarya.

Masu cewa a haramta shigo da ita, ai an haramta. Tana cikin jerin kayan da kwastan suka hana shigowa da su. Amma ku leƙa kowace kasuwar taya. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta a 2007, Dunlop ta bi ta a 2008, sabuwar taya ta koma ta mai hali, tsohuwa kuma ta san hanyarta ta kan iyaka. Shingen kan hanya ma mun san yadda yake ƙarewa.

Mu abin da muke cewa, a kai hanin tasha. Duk motar da tayarta ta wuce wa'adi kada a ba ta layi, kada ta yi lodi. 'Yan yuniyon ba sa mantawa da kuɗin lodi ko sau ɗaya, tsugunawa a karanta lamba huɗu ba zai gagare su ba.

Za a ce direba na fama da balas da mai, ina ya ga kuɗin sabuwar taya? Gaskiya ne, shi ya sa alhakin ya hau kan mai mota, wanda ke gida yana jiran balas ba ya cikin motar. Yuniyon ta yi wa 'ya'yanta adashin taya, gwamnati ta rage harajin sabuwa. Kuɗin mota zai ƙaru, ba mu musa ba, mun yarda mu biya.

Duk wanda zai yi tafiya makon nan, kafin ya miƙa wa ɗan kamasho kuɗi ya tsuguna ya duba tayoyin gaba, ya ɗauko mana hoton lambar, ya faɗa mana tashar.