Katangar Gidan Yari Ba Ta Tare Tari



Kwanakin baya wata baiwar Allah ta shigo kantin maganinmu a nan Mubi tana neman maganin tari na ruwa. Na lura kwalba ta uku ke nan cikin wata guda. Da na tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ƙanena ne yake tsare, shi nake kai wa. Duk ya rame, ga gumi da dare." Ban sayar mata ba. Na ce ta roƙi jami'an lafiyar gidan su sa a gwada kakinsa.

Tarin da ya kai mako biyu, ga rama, zazzaɓi da gumin dare, tarin tibi ake fara zargi, kuma maganin kwalba ba ya kashe shi. Ta iska ake ɗaukarsa, don haka ɗaki mai cunkoso da ƙaramar taga ya fi ko'ina haɗari.

Kada ka ce ina ruwanka. Yawancin waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, gobe ana iya ba da belinsu. Gandirobobi ma gida suke komawa wajen iyalinsu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba tibi kaɗai ba ne. A 2024 kwalara ta ɓarke a gidan yarin Kirikiri da ke Legas, mu kuwa mutanen Mubi ba mu manta da abin da amai da gudawa ya yi mana a 2018 ba. Aikin hukuma ne ta duba lafiyar duk wanda aka kawo, ta ware marar lafiya, ta samar da ruwa mai tsafta, ta rage cunkoso, kamar yadda gwamnatin tarayya ta yi wa fursunoni 2,600 afuwa a Afrilun 2020 saboda korona.

Iyali ma suna da nasu. In za ki ziyara, ki kai sabulu da garin gishiri da sukari na ORS, bayan an ba ki izini. Maganin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wata shida ake sha ba fashi. Idan an sako ɗan'uwanku yana tsakiyar sha, ku karɓo katinsa na magani ku kai shi asibiti a makon nan. Yanke magani shi ke sa ƙwayar cutar ta yi taurin kai, ta daina jin maganin farko.

Ku buɗe tagogi, ku kai yaran gidan a duba su, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar. Kada ku ware masa kwano, ba ta nan ake ɗauka ba. Tsangwama ce ke sa mutum ya ɓoye tarinsa.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.