Tsufan Aro a Jikin Hoto

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Shi ya sa idan gardama ta kaure a kan wani abu da ya faru, da zarar an fito da hoto sai kowa ya yi shiru. To amma ya kai mai karatu, ko ka san cewa a yau ana iya ɗaukar hoto da safe, kafin azahar a mai da shi tamkar wanda ya shekara sittin a ƙasan akwatin kaka? Ra'ayina shi ne wannan fasaha halas ce ga hoton ado, amma ba ta dace da hoton da aka ɗauka don ya zama shaida ba.

Da farko bari mu ga yadda abin yake. A shekarar 1990 kamfanin Adobe na Amurka ya fitar da Photoshop, manhajar gyaran hoto wadda wa da ƙane, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira. An bar mata ƙofa a buɗe yadda wasu kamfanoni za su iya ƙera ƙananan manhajoji a jona mata, kamar yadda ake ɗaura wa tarakta garma yau, gobe a ɗaura mata tirela. A 1992 aka fitar da Kai's Power Tools na wani Bajamushe, Kai Krause. Daga baya aka sami irin su Eye Candy da Silver Efex Pro da Analog Efex Pro. Ita kanta Photoshop ta zo da abin da ke sa hoto ya yi kama da wanda aka buga a kan saƙar buhu, ko bulo, ko yadin masu zane.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Ka ɗauka an sami farar leda mai ɗauke da ɗigo-ɗigo da karce-karce da tabon ruwa, aka shimfiɗa ta a kan hoto. Manhajar tana haɗa hasken kowane ɗigo na hoton da na ledar, mai aikin kuma ya zaɓi ƙarfin da yake so, ko kashi 20 cikin ɗari ko kashi 80. Cikin ƙiftawar ido sai sabon hoto ya yi furfura. Tun da Hipstamatic ta fito a 2009, Instagram kuma a 2010, aikin ya sauka daga kwamfuta ya shiga wayar hannun kowa.

Abin lura shi ne, waɗannan alamomi da ake kwaikwaya kowace tana da dalilinta a tsohon hoto, domin ruwa ba ya tsami banza. Ɗigo-ɗigon nan ƙwayoyin azurfa ne da ke jikin fim, kuma fim ɗin da aka yi don ɗaukar hoto a wuri mai ƙarancin haske ƙwayoyinsa sun fi girma. Launin ruwan ƙasa kuwa, masu wanke hoto ne ke tsoma shi cikin wani ruwa mai sinadarin farar wuta, wanda ke sa hoton ya daɗe bai lalace ba. Karce da lanƙwasa su ne sawun hannayen da hoton ya ratsa. Ashe ke nan alamomin nan takardar haihuwar hoto ce. Wanda ya manna su a jikin hoton jiya ya yi masa ƙaryar shekaru.

Kada a ɗauka ina ƙin kwalliya. Ɗalibin da ke shirya bangon littafi, ko katin gayyata, ko sanarwar wasan kwaikwayon makaranta, yana da damar ya yi wa hoto duk adon da ya ga dama. Kowa ya gani ya san zane ne, ba wanda aka yaudara, kwalliya kuma ta biya kuɗin sabulu. Matsalar tana tasowa ne idan hoton ya zo da sunan labari ko tarihi.

Alal misali, a watan Yuni na 1994 'yan sanda a Amurka suka kama shahararren ɗan wasa O. J. Simpson bisa zargin kisan kai. Mujallun Time da Newsweek duka suka sa hoto ɗaya, wanda 'yan sanda suka ɗauka, a bangonsu. Newsweek ta bar shi yadda yake, ita kuwa Time ta ƙara masa duhu da dishi-dishi. Da aka jera mujallun biyu a wurin masu sayar da jarida sai bambancin ya fito fili, mutane da yawa suka ce an sa fuskar baƙar fata ta zama abin tsoro tun kafin alƙali ya saurari shari'a. Ba a ƙara masa ƙaho ko wutsiya ba, amma saƙon ya sauya.

Masu wancan ra'ayi suna da hujjarsu, ya kamata kuma mu saurare su. Damon Winter na jaridar New York Times ya ɗauki hotunan sojojin Amurka a Afganistan da Hipstamatic, har ya zo na uku a wani rukuni na gasar Pictures of the Year International a 2011. Da aka yi ta sukarsa, ya kare kansa da cewa bai ƙara kome a cikin hotunan ba, bai kuma cire kome ba. Gaskiya ne kuma tun zamanin ɗakin duhu mai hoto ke zaɓen irin fim da irin takardar da zai yi aiki da su. Amma shi Winter bai ɓoye abin da ya yi amfani da shi ba, kuma a nan ne iyakar take. Ado a bayyane daban, ado a ɓoye daban. Masu wannan sana'a ba sa wasa da batun: a gasar World Press Photo ta 2015 an fitar da kimanin kashi 20 cikin ɗari na ayyukan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce kima.

Mu ma abin ya shafe mu. Sau da yawa akan turo hoto mai launin ruwan ƙasa a WhatsApp ko Facebook a ce wane ne a zamanin Turawan mulki, jama'a su yi ta yaɗawa ba tare da tambaya ba, don kawai ya yi kama da tsoho. Hotunan da ke cikin wannan mujalla tamu ma, nan da shekara talatin su ne shaidar yadda ajujuwanmu da kayan makarantarmu da fuskokinmu suke. Idan muka lulluɓe su da tabon ƙarya, me 'ya'yanmu za su gani?

Saboda haka ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara uku. Ta ɗaya, kafin ka taɓa hoto ka ajiye na asali a wuri dabam, ka yi aikinka a kan kwafi. Ta biyu, idan ka yi wa hoto ado za ka nuna wa jama'a, ka rubuta a ƙasansa cewa an gyara shi, tare da shekarar da aka ɗauke shi. Ta uku, idan an turo maka tsohon hoto, ka tambayi wanda ya ɗauka da inda aka samo shi kafin ka tura wa wani.

Daga ƙarshe, mu tuna cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in da gaske ta tsufa. Zanen aro ba ya rufe katara. Mu bar hotunanmu su tsufa da kansu, lokaci zai yi musu furfurarsu ba sai mun saya musu ba.