Omeprazole ba ƙwayar kullum ba ce

A kemis da yawa na garuruwanmu ba a tambayar takardar likita. Mutum ya dafa ƙirji ya ce “ulsata ce ta tashi”, sai a yago masa katin omeprazole. Ƙwannafi ya lafa, daga nan ƙwayar ta zama ta kowace safiya, da azumi kuma ta kowane sahur, har shekara ta zagayo.

Maganin yana aiki, babu musu: yana hana tumbi zubo asid. Sai dai asid ɗin ba a banza yake ba. Shi ke kashe ƙwayoyin cutar da ke biyo abinci, shi ke taimaka wa jiki ya tsotsi bitamin B12. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a 2010 cewa daɗewa ana shan irin waɗannan magunguna na iya ƙara haɗarin karayar ƙugu, wuyan hannu da ƙashin baya. A 2011 ta ƙara da raguwar sinadarin magnesiyam, wadda kan murɗe tsoka ta rikita bugun zuciya, a 2012 kuma da muguwar gudawa mai naci. A can, wanda ake sayarwa ba takarda, kwana 14 ne ƙa'idarsa, ba a kuma maimaitawa sai bayan wata huɗu.

Ga tarkon: wanda ya daɗe yana sha, in ya daina kwatsam, asid kan dawo da ƙarfi na ɗan lokaci. Sai ya ce ai ulsa ce ba ta warke ba, ya koma kemis.

Ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ƙwayar ke lulluɓewa. Mafi yawan gyambon ciki daga ƙwayar cutar H. pylori yake, ko daga yawan shan diclofenac da ibuprofen, waɗanda leburori da 'yan acaba ke haɗiya don gajiya. H. pylori sai an gwada, an haɗa maganin da magungunan kashe ƙwayoyin cuta na kamar mako biyu. Omeprazole shi kaɗai ba ya kawar da ita. Sankarar tumbi ma kan fara da irin wannan zafin, maganin ya danne alamar har lokaci ya ƙure.

Wanda likita ya ɗora a kai don dalili, kada ya yanke da kansa. Amma in bahaya ya yi baƙi kamar kwalta, ko ana amai da jini, ko haɗiya na wuya, ko ana rama ba dalili, a bar kemis a nufi asibiti ranar.